Hula Biyu a Kai Ɗaya

Saratu ta ce mu ɗora daga inda muka tsaya jiya, wato tasowarmu daga Bungudu zuwa Tudun Wadar Gusau. Na ce mata a'a, yau a tsallake. Ƙarfina yana raguwa, kuma akwai maganar da nake so ta shiga takarda tun ina da bakin faɗinta, maganar babur ɗin kakanku. Na ji abin da ake gaya muku, jikokina. A gidan Bungudu ana ce muku tsohuwa ta ruɗe bayan takaba, ta ɗauki abin da ya kashe mijinta ta miƙa wa autanta. Ruɗewa kam na ruɗe, ban musa ba, har yau ban gama wartsakewa ba. Amma gara ku ji yadda abin ya zo daga bakin wadda aka yi a gabanta. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ɗiyata Saratu ce ke riƙe da biro, in kuka ya zo mini ta ajiye ta jira ni.

Kakanku, Allah ya jiƙansa, ba zan kama sunansa ba, Malam nake ce masa tun ranar da aka kai ni gidansa daga Tsafe. Malamin gona ne. Aikinsa shiga ƙauyuka, ya nuna wa manoma iri da taki da maganin tsutsa. Saboda wannan aiki aka ba shi babur, ba irin na 'yan kabu-kabu ba, wani dogo mai manyan tayoyi masu ƙuraje, wanda in gajere ya hau ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Malam ya sa masa suna Barewa. Na farko ya tsufa ya mutu a hannunsa, da ya yi ritaya kuma ya je gwanjo ya sayo wani irinsa, shi ma ya ce Barewa ce. Ban taɓa ganin mutum mai hankali da natsuwa yana son ƙarfe kamar yadda Malam ya so wannan abu ba. Da kansa yake wanke ta. Sai ya tayar da ita a zaure, ya karkata kai yana saurare kamar mai jin kukan jariri, ya ce yau tana mura, ko ya ce yau ta tashi da lafiya. Yakan ce kwalta ta motoci ce, Barewa burji take so da yashi da kwazazzabo. Sau ɗaya ya taɓa goya ni tafiya mai nisa, lokacin da aka aiko uwata ba lafiya a Tsafe, ya yanke ta daji don mu isa da wuri. Na damƙe rigarsa ina salati, gyalena yana neman barina, shi kuwa dariya yake yi yana cewa in buɗe ido in ga dawa ta yi kyau. Ban buɗe ba. Yanzu da zan samu wannan tafiya, wallahi da na buɗe.

Cikin 'ya'yanmu maza, na fari, wanda nake kira Babba don ba na faɗin sunansa, bai ɗauko wannan hali ba ko kaɗan. Shi mutumin ofis ne, motarsa yake shiga ya rufe gilashi. Auta kuwa, Bashir, tun yana rarrafe in ya ji ƙarar Barewa sai ya nufi zaure. Da ya girma ya buɗe shagon gyaran waya, amma zuciyarsa tana wani fili mai yashi a bayan gari, inda samari ke taruwa da yamma ranar Lahadi suna tsere, suna ɗaga ƙafar gaba, suna haye tudu su diro. Ni na zaci uban zai hana. Ashe shi ma can yake zuwa, da farin gemunsa, ya jingine Barewa a gindin bishiya yana gyara musu zama a kan sirdi. Samarin suka sa masa Baban Barewa. In sun dawo gida su zauna kan tabarma ɗaya, kai da kai, suna kallon wasu mutanen ƙasashen waje a cikin waya, masu tashi sama da babur kamar an harba su.

"Kai, wanga ba mutum ba ne," in ji Malam. "Maido baya in ga yadda ya sauka."

"Baba, ka ga ya faɗi? Dubi, ya tashi yana karkaɗe jiki. Ka san abin da ya cece shi? Kwanon nan na kansa."

"Allah ya cece shi, ja'iri."

"To, Allah ya cece shi da kwano."

Daga nan ne Bashir ya je ya sayo wa ubansa hular kwano. Ba irin ta roba da ake ratayawa don 'yan sanda ba, mai nauyi, mai rufe haɓa, da gilashi a gaba da maɗauri a ƙasa. Ina tankaɗe a tsakar gida ya kawo ta. Malam ya jujjuya ta, ya ƙwanƙwasa, ya yaba. Sannan ya ɗaga ta ya kifa a kan hularsa ta saƙi. Ta zauna can sama kamar tukunya a kan gammo, maɗaurin yana lilo a gefen kunnensa, bai ko kusa haɗuwa ba.

"Baba, ai sai ka cire hular."

"In cire hula? In je garin Wanke in tarar da dagaci a ƙofar gida, in tuɓe wanga kwano in tsaya gabansa kai tsirara kamar ɗan dambe?"

"Ka sa ta aljihu, in ka sauka ka mayar."

"Hular da mutum ya ɓata idonsa yana saƙawa, ita za a cusa aljihu kamar hankici?"

"Amma waɗancan na cikin waya, duk ɗaurewa suke yi."

"Waɗancan ba su gaida kowa. Ka taɓa ganin ɗayansu ya tsaya ya ce ina gajiya, ya iyali?"

Duk muka yi dariya, har da ni, har rariya ta kusa faɗuwa daga hannuna. Ku da kuka taso yanzu sai ku ce taurin kan tsoho ne. Ba haka kawai ba ne. Malam bai taɓa fita ƙofar gida ba hula ba, tun yana saurayi. Kuma daga Gusau zuwa gonarsa a Wanke ba ya wuce babba bai gaishe shi da fuska a buɗe ba. Ga wani abu kuma da ya fi gaisuwa nauyi. Zamani ya riga ya ɓaci a ƙasar nan. Mutum a kan babur da fuska a rufe, a ƙauye wannan ba baƙo ba ne, tashin hankali ne. Mata kan watsar da tulu su ruga, yara su shige gero. A bakin wasu garuruwan kuma 'yan sa-kai sun gitta itace a hanya, bindiga a hannu, suna son ganin fuskarka tun daga nesa. To in kwanon yana zaune sakaka a kan hula, da hannu ɗaya Malam ke ɗaga shi yana tafe, a gan shi, a ce Baban Barewa ne, a ɗage itace. Haka ya sasanta tsakanin ɗansa da mutanen hanya: hula biyu a kai ɗaya, maɗauri yana lilo. Ni a nawa hankalin biyu ta fi ɗaya. Duk unguwa haka aka gani. Har yaba masa ake yi, ana cewa dattijo ya san tsaro.

Shekarar da nake ba ku labari, ruwan fari ya sauka da ƙarfi. Washegari da hantsi Malam ya sha kunu, ya ɗaure ƙullin iri a bayan Barewa, ya ce zai je ya ga ko ƙasa ta jiƙu. Ya ce in ajiye masa tuwon da ya kwana, in ya dawo zai ci ɗumame. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, ɗumame. Saratu, dakata.

To, rubuta. Kafin a kai gonar akwai wata ƙorama da ake tsallakawa. Malam ya tsallake ta fiye da yadda zan iya tunawa, rani da damina. Amma ruwan daren ya zaftare gaɓar, ya kwaso yashi ya rufe duwatsu. Wasu manoma da ke shuka kusa sun ga abin da idonsu. Sun ce ƙafar gaba ta nutse, babur ya tsaya cak, Malam ya wuce ta sama. Sun ce kwanon ya riga shi tashi, ya yi nasa waje yana gangarawa cikin yashi, shi kuwa ƙeyarsa ta sami dutse. Bayin Allah suka rugo. Suka yi abin da kowa ke yi in mutum ya faɗi: suka tallabe shi suka zaunar, suka kwara masa ruwa, suna jijjiga shi suna kiran sunansa. Da bai amsa ba, suka ɗora shi a kan wani babur tsakanin mutum biyu, na gaba yana tuƙi, na baya yana riƙe da shi, kansa yana rangaji, har bakin kwalta inda suka sami mota. Ina tsintar shinkafa Bashir ya shigo ba sallama. Ban taɓa ganin ya shigo ba sallama ba.

A asibiti na tarar da shi kwance, ido rufe. Abin da ya fara ɗaure mini kai, hularsa ta saƙi tana kansa. Kwanon ya danne ta shekara da shekaru har ta kama kan, faɗuwar ba ta cire ta ba. Ma'aikaciyar jinya ce ta zare ta a hankali ta miƙo mini, bayanta duk jini. Likita ya ja 'ya'yan gefe ya yi musu magana, rabi Hausa rabi Turanci. Da na tambaya, Saratu ta ce ya faɗi abu biyu: bugun da ƙeya ta sha, da kuma wuya, wai wanda ya faɗi irin haka ba a zaunar da shi, ba a girgiza shi, a kwance ake ɗaukarsa a kan abu mai tauri. Na ce to wanne ne cikin biyun? Ta ce likitan bai raba ba. Malam bai farfaɗo ba. Bai kai Juma'a ba.

Ina cikin takaba ɗaya daga cikin manoman ya zo gaisuwa, ya turo Barewa, kwanon yana rataye a hannunta. Babur ɗin fitila kawai ta fashe. Kwanon kuwa ko tsaga babu, sai ɗan kuje a gefe. Aka ajiye shi a ƙofar ɗakina, kuma daga ranar ya zama abin magana ga duk mai shigowa. Wan Malam, Yaya Ummaru na Bungudu, wanda shi ne babban gida yanzu, ya taɓa shi da sanda.

"To ga kwano nan lafiya lau, mutum ya tafi. Mi ya tsare? Ni na ce nauyinsa ma ya fizge shi."

"Baba Ummaru, ba a ɗaure yake ba," in ji Bashir, murya ƙasa-ƙasa. "Da a ɗaure yake..."

"Da mi? Kwana ya ƙare, yaro. Ko rijiyar ƙarfe ka kifa masa."

Babba kuwa ya ce ba kwano ba ne, ba dutse ba ne, babur ne. Ya ce tsoho mai jikoki ba shi da abin yi a kan abin tseren yara. Saratu ta ce ɗaukar da aka yi masa ce. Matan unguwa suka ce ajali, suka ƙara da cewa Malam ya cika da mutuncinsa, ko da ya faɗi hularsa tana kansa. Ina zaune a kan tabarma da carbi, duk wanda ya yi magana sai in ji kamar shi ke da gaskiya, har sai na gaba ya buɗe baki. In na yarda da Yaya Ummaru in ji sanyi, in na dubi maɗaurin nan yana lilo sanyin ya gudu. In na ji haushin manoman, sai in tuna da ni ce a wurin, ruwan nan ni zan fara kwara masa. Na rasa inda zan ajiye abin a cikin raina. Har yau da nake muku magana ban samu ba.

Abin da ya fi ciwo, wata rana na ji Babba a zaure yana ce wa ƙaninsa:

"Kai ka ƙara masa ƙarfin gwiwa da kwanon naka. Da bai da shi, da ya bi a hankali."

Daga ranar Bashir ya daina cin abinci a gida sosai, ya daina zama a shago. Babba ya sa sarƙa da kwaɗo ya ɗaure Barewa a zaure, ya tafi da makulli, yana ganin ya kashe magana. Ni ma na zaci haka. Sai ranar da Bashir ya miƙa hannu zai karɓi buta, hannun rigarsa ya zame, na ga gwiwar hannun a saɓule, ciwon ɗanye. Na matsa masa, ya ce ƙofar shago ce. Maƙwabciyata ce ta gaya mini gaskiya, don ɗanta yana zuwa filin. Ta ce Bashir aron babur yake yi wurin abokai, kowanne ya samu, mai burki da marar burki. Ta ce gudun da yake yi yanzu har samarin sun fara tsoronsa. Kuma kai ba komai, ko hular saƙi babu. Wai ya ce ba zai ƙara taɓa kwano ba.

Nan ne na gane ana shirin ɗauko mini gawa ta biyu, kuma sarƙar Babba ba ta tare komai ba. Na kira Bashir na yi masa faɗa, ya ce to. Na yi masa kuka, ya ce to. Ranar Lahadi ta zo, la'asar ta yi, na nemi yaro na rasa.

Da na fita takaba aka zauna rabon gado. Malamin da ya zo ya lissafa komai, gida da gona da 'yan dabbobi, aka zo kan babur. Babba ya ce ya riga ya samo mai saye, wani bakanike. Ban shirya magana ba, Allah ya sani. Daga bayan labule na ji bakina yana cewa a sa Barewa cikin tumunina, rabona na matar mamaci, a rage mini wani abu a madadinta.

"Rabi," in ji Yaya Ummaru, "ke za ki hau?"

Wasu suka yi dariya. Na ce, "Yaya, na san mai hawa."

"Inna!" Babba ya miƙe tsaye. "Abin da ya kashe Baba? Shi za ki ba wannan mahaukacin?"

"Zauna. Ban gama sanin abin da ya kashe ubanka ba. Kai in ka sani, ka fi ni."

Malamin ya ce hakkina ne in zaɓa in magada sun yarda da ƙima. Babba ya ajiye makullin kwaɗo a kan tabarma, ya sa takalmi ya fita.

In kun tambaye ni dalili, ba zan ba ku ɗaya tsayayye ba. Wani ɓangare na raina ba zai iya jure in ji ƙarar Barewa ta wuce layinmu da baƙo a kai ba. Wani ɓangaren yana cewa babur ɗin aro ba shi da sharaɗi, nawa kuwa ni ke da iko da shi. Sannan duk ƙauyen da ke kan hanyar Wanke sun san muryar Barewa, in sun ji ta ba za su ruga ba. Akwai kuma ɓangaren da ke ce mini, Rabi, kin haukace, kina tura ɗanki inda ubansa ya tafi. Duk waɗannan suna magana a cikina lokaci ɗaya, babu wanda ya yi shiru don wani.

Da safe na kira Bashir. Na ɗora kwanon a cinyata. Da ya gan shi ya kau da kai.

"Durƙusa nan. Cire hularka."

"Inna, na ce ba zan ƙara..."

"Ban tambaye ka abin da ka ce ba. Cire."

Ya cire. Na kifa masa. Ba hula a ƙasa, sai ga shi ya shige har haɓa, ya zauna daram, abin da ban taɓa gani a kan Malam ba. Na ce ya nuna mini yadda ake haɗa maɗaurin. Ya kama yatsuna ya nuna mini. Na tura, na ji ya ce ƙas. Sai na kama kwanon da hannu biyu na ja sama da iyakar ƙarfina, na jijjiga, har yaro ya kusa tashi tsaye. Bai fita ba. Na sake ja. Bai fita ba. A nan kukan da ban yi a asibiti ba ya zo mini, na dafa kwanon ina yi, shi ma ina jin nasa daga ciki, gilashin duk ya yi gumi.

Da muka natsu na faɗa masa sharaɗina. Hula ta shiga aljihu. Muddin inji yana kuka, maɗauri ba ya kwantuwa, ko wa ya gani, ko dagaci, ko Yaya Ummaru, ko ni. In gaisuwa ta kama, ya tsaya, ya kashe, ya sauke ƙafa, sannan ya tuɓe ya sa hula ya gaida mutane. Ranar da na ji ya saɓa, da hannuna zan kai Barewa wurin bakaniken Babba.

"To 'yan sa-kai fa, Inna? In na doso su da fuska a rufe, suka saki wuta kafin in kwance?"

Wannan tambayar ita ce ta Malam, kuma ba wauta ba ce. Daga baya na ce ya tsaya tun daga nesa, ya ɗaga gilashi, ya ɗaga hannu. Shi kuma ya sayo fenti ruwan ɗorawa ya shafe kwanon don a riƙa gane shi. Ko wannan ya isa, ban sani ba. Duk ranar da ya nufi gona, tsoro biyu ke zaune da ni, na dutse da na bindiga, in na lallashi ɗaya sai ɗayan ya taso.

Abin ya ci mini abin da ya ci. Ba a daɗe ba Yaya Ummaru ya zo musamman daga Bungudu, ko ruwa bai sha ba.

"Rabi, ɗanki ya wuce ni bakin kasuwa da tukunya a ka. Hannu kawai ya ɗaga mini, kamar sa'ansa. Ɗan ƙanena! Ubansa bai taɓa yi mini haka ba."

"Cunkoso ne, Yaya, ba wurin tsayawa. Ai ya biyo ka gida da yamma ya gaishe ka."

"A gaban mutane ya wuce ni."

"Ni na sa shi. In laifi ne, nawa ne. Ubansa ya gaida kowa, Yaya. Ga shi ba ya nan ya gaishe ka yau."

Ya kaɗe riga ya tafi, kuma daga nan maganar tsohuwa ta ruɗe ta samo asali. Babba kuwa ya daina cin tuwona. Yakan zo ranar Juma'a ya tsaya a ƙofar ɗaki ya gaishe ni, in ce ya shigo, ya ce yana sauri. Ɗan da na fara haifa. In zai fita sai ya raɓa ta gefen zaure don kada rigarsa ta taɓa Barewa.

Bara kuma abin da ake gudu ya faru. A filin nan na bayan gari Bashir ya haye tudu ya sauka ba daidai ba. Ƙashin kafaɗarsa ya karye, kwanon ya tsage daga goshi har ƙeya. Abokansa suka rugo za su ɗaga shi, yana kwance yana yi musu ihu daga cikin kwanon kada wanda ya taɓa shi, su nemo ƙyaure. A kan ƙyauren wani shago aka ɗauke shi. Na isa asibiti na tarar da shi ido biyu, yana cewa Inna yi haƙuri. Na zaci a ranar za a raba gardama. Ina! Bashir ya nuna tsagar ya ce kun gani, da kaina ne. Yaya Ummaru ya aiko cewa kun gani, kwana ne bai ƙare ba. Babba ya zo, ya ɗauki fasasshen kwanon, ya daɗe yana kallonsa, ya sa yatsa cikin tsagar, sannan ya dube ni ya ce, "Kin gani, Inna? Babur." Abu ɗaya ya faru a gaban kowa, kowa ya ga nasa. Ni kuwa na ga ɗana yana numfashi, na kuma ga cewa ni na ba shi abin da ya kayar da shi. Duka biyun gaskiya ne.

Bayan an sallamo shi, matar Babba ta zo da kwali ta ajiye a ƙofar ɗakina, ta ce maigidan ya ce a kawo. Na ce da wane saƙo? Ta ce bai ce komai ba. Sabon kwano ne, ya fi na farko nauyi. Ko yarda ce, ko cewa yake tunda kun ƙi ji ga shi nan, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Har yanzu bai ci tuwona ba. Amma ranar Juma'ar da ta wuce ya zauna a bakin tabarma, ya sha ruwa.

Wannan shi ne labarin, jikokina. Ban ce muku na yi daidai ba. In kun girma kuka ga na yi kuskure, ku roƙa mini gafara, kada ku ce ban so ɗana ba. Hular kakanku ta saƙi tana cikin adakata, na wanke ta amma tabon bai fita duka ba. Wani lokaci in ɗauko ta in ji ina alfahari da mutumin da bai taɓa tsayawa gaban babba kai tsirara ba, wani lokaci in ji kamar in jefa ta murhu. Sai in ninke in mayar.

Saratu, tsaya, ji. Ga ta nan ta shawo kwanar layi, Barewa ce, na san tarinta. Zai shigo zaure ya kashe inji. Ke ba ki kula ba, amma ni kullum ina saurare: in ya kashe, akwai ɗan shiru, sannan in ji ƙas, ya kwance maɗauri. Wato a ɗaure ya dawo. Sai ya laluba aljihu ya fito da hularsa duk ta yamutse, ya buga ta a gwiwa, ya sa, ya yi sallama. Yi shiru in ji.

Ya ce ƙas. Ajiye biron, ɗiyata, je ki ɗumama masa tuwo.